Wa zai iya kayar da Trump? Yadda ƙuri'un jin ra'ayi suka yi ta juya wani Bahaushe a Michigan daga 2016 zuwa 2021

Mutumin da inda yake zaune

Wanda zan ba da labarinsa ɗan Kano ne, unguwarmu ɗaya, ba zan faɗi sunansa ba don bai ce in faɗa ba. Ya ci bizar caca ya tafi Amurka a 2009, ya sauka a yankin Detroit na jihar Michigan, ya samu aiki a wata masana'antar kayan gyaran mota, a 2014 ya zama ɗan ƙasa ya karɓi fasfo. Mutum ne mai son lissafi tun muna yara, in ka ba shi alƙaluma ka gama da shi, ya yarda da lamba fiye da bakin mutum. Akwai kuma wani guruf na WhatsApp da suke ciki, Hausawan Najeriya da Nijar da na zangon Ghana da ke zaune a wannan yankin, ba su kai mutum 50 ba, kuma in dai maganar siyasar Amurka ce shi ake tambaya.

Sai an fahimci yadda zaɓen fidda gwanin can yake kafin a gane matsalarsa. Mu a nan mun saba ganin daliget sun taru a fili ɗaya sun fitar da ɗan takara, kamar yadda aka yi a Eagle Square a watan Yunin 2022 Tinubu ya samu ƙuri'u 1,271. A can kuwa jama'ar gari ne ke fita jiha bayan jiha tun daga Fabrairu har wajen Yuni, kuma a Michigan duk mai rajistar zaɓe zai iya zuwa ya ce a ba shi takardar jam'iyyar da yake so. A babban zaɓe kuma ba yawan ƙuri'ar ƙasa ake dubawa ba, wakilai 538 ne aka raba wa jihohi, wanda ya haɗa 270 ya ci, Michigan a lokacin tana da 16 kuma wanda ya zo na ɗaya ko da ƙuri'a guda ce shi zai kwashe su duka. To a tsakiyar wannan ne kamfanonin jin ra'ayi ke buga wa mutane waya suna tambaya, in yau ne zaɓe, wane da wane wa za ka zaɓa? Sai a jera 'yan takarar jam'iyya ɗaya bayan ɗaya a gwada kowa da abokin hamayya, a ce ga wanda zai iya cin babban zaɓe ga wanda ba zai kai labari ba.

Maris zuwa Nuwamban 2016: karon farko

Zaɓensa na shugaban ƙasa na farko kenan. A zaɓen fidda gwanin jam'iyyar Democrat zuciyarsa na wajen Bernie Sanders saboda maganar lafiya kyauta da ƙarin albashin ƙananan ma'aikata, amma duk ƙuri'un jin ra'ayin da aka fitar a Michigan kafin ranar 8 ga Maris sun nuna Hillary Clinton na gaba, a matsakaici da tazarar wajen maki 20, sai ya ce to meye amfanin zubar da ƙuri'a, ya dangwala wa Clinton. Da dare sakamako ya fito Sanders ne ya ci jihar da tazarar maki ɗaya da rabi. Ya ce min abin ya ɗaure masa kai amma ya ɗauka tsautsayi ne na rana ɗaya.

A watan Mayu sai ga wata ƙuri'ar NBC da Wall Street Journal, ta ce Clinton na da 46 Trump 43, amma in Sanders ne aka tsayar yana da 54 Trump 39. Ya tura hoton a guruf yana cewa jama'a mun yi kuskure, ga wanda zai ci nan mun bari. Amma lokacin bakin alƙalami ya kusa bushewa, Clinton ce ta karɓi tikiti a watan Yuli.

Abin da har yau yake cizon yatsa a kai shi ne ranar 8 ga Nuwamba. Kusan duk ƙuri'un jin ra'ayi na Michigan sun nuna Clinton a gaba, jihar kuma tun 1988 ba ta sake zaɓar ɗan Republican ba, ranar aka ce akwai obataim a wurin aiki, sai ya lissafa kuɗin awa huɗu da kuma tsayuwar layi, ya zaɓi obataim. Bai je ba. Kuma ya san aƙalla mutum shida a guruf ɗin da su ma ba su je ba don shi da bakinsa ya ce musu ai an gama, matar nan ta ci. Trump ya ɗauke Michigan da ƙuri'u 10,704, Wisconsin da 22,748, Pennsylvania da 44,292, ya zama shugaban ƙasa duk da Clinton ta fi shi da ƙuri'u kusan miliyan 2.9 a faɗin ƙasar.

2017 zuwa Janairun 2020: abin ya shigo gida

Ranar 27 ga Janairun 2017 Trump ya sa hannu a dokar hana 'yan wasu ƙasashe bakwai na Musulmi shiga Amurka, har da Sudan. A Satumban shekarar aka cire Sudan aka saka Chadi, ita ma aka cire ta a Afrilun 2018. Mutumin namu ya zo gida ya yi aure a 2018, ya koma ya shigar wa matarsa takardun biza a farkon 2019, ana ta jira, yarinya na gidan iyayensa a Kano kullum waya.

Sai ranar 31 ga Janairun 2020 aka sanar an saka Najeriya cikin jerin, tare da Eritrea, Myanmar, Kyrgyzstan, Sudan da Tanzaniya, kuma a kan Najeriya bizar zama ta dindindin aka dakatar, wato daidai irin wadda matarsa ke jira. Dokar ta fara aiki ranar 21 ga Fabrairu. Daga nan tambayar wa zai iya kayar da Trump ta tashi daga hirar shayi ta koma maganar yaushe iyalinsa za su zo. Kuma zaɓen fidda gwanin Michigan saura mako biyu da 'yan kwanaki, 10 ga Maris.

Abin da ya gwada daga 2019 bai ɓulle ba

Hanyar farko da ya bi ita ce ta da, wato ƙuri'un ƙasa baki ɗaya da ke gwada kowane ɗan takara da Trump. Matsalar ita ce kusan duk sun nuna Joe Biden na gaban Trump, Sanders ma na gaban Trump, bambancin da ke tsakaninsu maki biyu ko uku yau wannan gobe wancan. Ya yi wata uku yana tara hotunan allo a waya har ma'ajiyar ta cika, bai fitar da komai ba.

Hanya ta biyu, ya ce bari ya bi wanda tauraronsa ke haskawa. A farkon Oktoban 2019 Elizabeth Warren ta kamo Biden a jin ra'ayin 'yan jam'iyya har ta ɗan sha gabansa, sai ya koma wajenta ya fara tallarta a guruf. Wata ɗaya kacal, a farkon Nuwamba jaridar New York Times da kwalejin Siena suka fitar da jin ra'ayi na jihohi shida da ake fafatawa a kansu, a dunƙule Biden ne ya fi tsayawa gaban Trump, Sanders a tsakiya, Warren ce ta ƙarshe. Ya sauka daga jirginta.

Hanya ta uku ita ce ta kuɗi. Michael Bloomberg ya shigo a makare yana zuba ɗaruruwan miliyoyin dala a talla, ka kunna talabijin shi, ka buɗe YouTube shi, lambobinsa suka fara hawa, mutumin namu ya ce ai sai mai kuɗi ke iya karawa da mai kuɗi. A nan wani dattijo ɗan Kumasi da ya daɗe a New York kafin ya dawo Michigan ya taka masa birki, ya ce ƙanina ka tambaye mu da muka zauna ƙarƙashinsa yana magajin gari, 'yan sanda na tare yaranmu a hanya suna caje su, ana sa wa masallatai ido. Sai ga muhawarar Las Vegas ranar 19 ga Fabrairu, Warren ta yi wa Bloomberg kaca-kaca a gaban duniya, shi kenan wannan ma ya wuce.

Ana cikin haka Biden ya zo na huɗu a Iowa ranar 3 ga Fabrairu, na biyar a New Hampshire ranar 11, Sanders ya lashe Nevada ranar 22 da tazara mai yawa. Guruf ya dare gida biyu, matasa na Sanders dattawa na Biden, kowa na turo hoton ƙuri'ar da ta yi masa daɗi, har wasu biyu suka fice. Shi kuwa a wata biyar ya sauya ɗan takara sau huɗu, mutane suka fara cewa Malam kai ma fa ba ka da tsayayye.

Ƙarshen Fabrairun 2020: zaman falo da littafin rubutu

Akwai 'yar wani abokinsa da ke karanta lissafin ƙididdiga a jami'a, ta zo hutun ƙarshen mako, ya je gidan ya miƙa mata wayarsa ya ce duba min nan ki gaya min gaskiya. Ta yi ta zazzage hotunan tana kallo, can ta ɗago ta ce, Kawu duk waɗannan ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, kun haɗa doya da manja da kananzir a tukunya ɗaya. Ta ɗauko littafin rubutu ta ja layuka, ta ce kowace ƙuri'a a rubuta ranar da aka yi ta, mutum nawa aka tambaya, a ina, kuma su waye, duk mai rajista ne ko waɗanda ake ganin da gaske za su fita. Suna cikewa ya ga fiye da rabin hotunansa na ƙasa baki ɗaya ne, wasu sun kai wata huɗu.

Ta nuna masa in an tambayi mutum 1,000 lissafin na iya kaucewa da maki 3 sama ko ƙasa a kan kowane ɗan takara, tazarar da ke tsakanin mutum biyu kuwa kaucewarta na iya kusan ninka haka, don haka in an ce Biden na gaban Trump da 5 Sanders na gabansa da 4, ba a ce komai ba. Ta kuma ba shi labarin rahoton da ƙungiyar masu binciken ra'ayin jama'a ta Amurka, AAPOR, ta fitar a 2017 kan abin da ya faru a 2016: na ƙasa baki ɗaya ba su yi nisa da gaskiya ba, na jihohi ne suka faɗi, saboda da yawansu ba su daidaita lissafi da matakin karatu ba, masu digiri sun fi amsa waya kuma sun fi karkata ga Clinton, ga kuma waɗanda ba su yanke shawara ba sai makon ƙarshe, akasarinsu Trump suka bi.

Wanda ya fi shigarsa shi ne binciken da wasu malaman jami'a biyu, David Broockman da Joshua Kalla, suka fitar a wannan watan bayan sun tambayi mutum wajen 40,000. Sun ga Sanders na yin kunnen doki da masu sassaucin ra'ayi irin su Biden a gaban Trump, amma ta wata hanya daban, yana rasa wasu masu zaɓe zuwa wajen Trump, sai ya cike gurbin da matasan da ke cewa in ba shi aka tsayar ba ba za su fita ba. Kafin lissafin ya tabbata sai fitowar matasa ta ƙaru da wajen maki 11 cikin ɗari, abin da ba a saba gani ba. Yarinyar ta ce, Kawu wannan ba sai mun yi gardama ba, ana zaɓen fidda gwani yanzu haka, ku zuba ido ku ga ko matasan na fitowa. Ya ce Allah ya yi miki albarka, ya tafi da littafin.

29 ga Fabrairu zuwa 10 ga Maris: ƙuri'ar gaske

Ranar 26 ga Fabrairu ɗan majalisa Jim Clyburn ya mara wa Biden baya, ranar 29 Biden ya lashe Carolina ta Kudu da sama da kashi 48 cikin ɗari, baƙar fata suka yi masa ruwan ƙuri'u. Pete Buttigieg ya janye 1 ga Maris, Amy Klobuchar 2 ga Maris, duk suka bi Biden. A Babbar Talata, 3 ga Maris, Biden ya ci jihohi 10 cikin 14, Bloomberg da duk kuɗin nan Samoa ta Amurka kaɗai ya samu, washegari ya janye, Warren ta bi bayansa ranar 5. Sanders da bakinsa ya amsa cewa bai samu nasarar fito da matasa yadda ya so ba.

Mutumin namu ya rubuta wannan duka a littafin. Bai ji daɗi ba, don har ga Allah Sanders yake so, kuma maƙwabtansa Larabawa na Dearborn da Hamtramck can suka karkata, 'yar majalisa Rashida Tlaib ma shi take yi. Amma ya shiga guruf ya yi magana ta minti bakwai da murya, ya ce ni dai Biden zan yi kuma ga dalilina, wanda zai yi Sanders ya yi ba faɗa, abu ɗaya nake roƙo kar wanda ya zauna a gida kamar yadda na sa ku a 2016. Ranar 10 ga Maris Biden ya samu kusan kashi 53 Sanders 36, ya ci duka ƙananan yankuna 83 na jihar, masu fitowa sun ƙaru sosai a kan 2016 amma ƙuri'un Sanders ƙasa suka yi. A daren ne kuma aka tabbatar da korona ta shigo Michigan. Sanders ya janye ranar 8 ga Afrilu.

Afrilu zuwa Nuwamban 2020: ya ajiye waya ya ɗau mota

Daga nan ya daina tura hotunan jin ra'ayi kwata-kwata. A 2018 mutanen Michigan sun amince da gyaran doka da ya ba kowa damar yin zaɓe ta wasiƙa ba sai ya kawo uzuri ba, da yin rajista har ranar zaɓe. Sai ya bi 'yan guruf ɗaya bayan ɗaya, waye ɗan ƙasa waye bai zama ba tukuna, wa ke da rajista, wa ya sauya gida bai gyara adireshi ba. Ya samu mutum 23 da suka cancanta, shida ba su da rajista, ya zauna da su aka cike. Tsofaffi biyu da ba sa karanta Turanci ya kai 'ya'yansu suka karanta musu takardar, su suka zaɓi abin da suke so da hannunsu.

A ƙarshen Oktoba wani ya turo ƙuri'ar ABC da Washington Post mai cewa Biden na gaba da maki 17 a Wisconsin, ya rubuta an gama. Shi kuma ya amsa da lamba ɗaya kawai, 10,704.

Ranar 3 ga Nuwamba aka yi zaɓe. Biden ya ci Michigan da ƙuri'u wajen 154,000, ƙasa da maki 3, alhali jin ra'ayi na ba shi wajen 8. Wisconsin ɗin da aka ce 17, da ƙuri'u 20,682 ya tsira, bai kai maki ɗaya ba. A ƙasa baki ɗaya ya samu sama da miliyan 81 Trump sama da miliyan 74, wakilai 306 da 232. AAPOR ta sake zama a 2021 ta ce kuskuren jin ra'ayin ƙasa na wannan shekarar shi ne mafi girma cikin shekara 40. Ranar 20 ga Janairun 2021, ranar da aka rantsar da shi, Biden ya soke dokar hana shigar. Takardun matar suka ci gaba da tafiya a hankali saboda cunkoson da korona ta tara, aka kira ta intabiyu a Legas, ta sauka Detroit a 2022.

Yadda nake ganin lamarin

Ba zan ce littafin nan ya tabbatar Sanders zai faɗi ba, ba wanda zai iya tabbatar da wannan don ba a tsayar da shi ba, kuma dattijon Kumasi da matasan guruf har yau ba su daidaita a kai ba. Ni a ganina nan ne ainihin raunin irin wannan ƙuri'ar yake. Ana auna mutumin da abokan hamayya ba su fara jifa ba tukuna da wanda ya sha jifa shekara da shekaru, a Mayun 2016 'yan Republican sun kwashe fiye da shekara 20 suna dukan Clinton, Sanders kuwa ba su ɓata kuɗin tallarsu a kansa ba, to dole farinsa ya fi fita. Kuma watannin da ke tsakani suna da yawa, wanda aka buga wa waya a Fabrairun 2020 bai san korona za ta rufe gari a Maris ba. Tun da can haka abin yake, Michael Dukakis na Democrat ya taɓa yin gaba da maki 17 a Yulin 1988 ya zo ya sha kaye, a 2007 an yi ta gwada Clinton da Rudy Giuliani na Republican kuma cikinsu ba wanda ya samu tikiti a 2008.

Hanyoyinsa uku na farko sun faɗi ne don duk abu ɗaya yake nema a cikinsu, lamba guda da za ta ɗauke masa nauyin yanke shawara, kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai, haka ake tallata su a labarai. Abin da ya yi aiki shi ne da ya rage tambayar ta dawo kan jiharsa, ya daina kallon tazarar maki ɗaya da biyu, ya ɗauki iƙirarin kowane ɓangare ya jira ƙuri'ar da aka kaɗa da hannu ta gaskata ko ta ƙaryata shi. Sanders ya ce matasa za su fito, an ga ba su fito yadda ake buƙata ba. Biden ya ce baƙar fata da mutanen bayan gari za su bi shi, an ga sun bi. Ko wannan ma da ƙyar ya isa, ƙuri'u wajen 43,000 a Arizona, Georgia da Wisconsin da sun juya da an yi kunnen doki 269 da 269.

Sai kuma mutum 23 ɗin nan, waɗanda ba su sauya sakamakon Michigan ba ko kaɗan, amma ni su na fi ba muhimmanci a duk labarin, saboda shida daga cikinsu su ne waɗanda ya zaunar a gida a 2016 da bakinsa. A Disambar 2023 wani ya sake turo ƙuri'ar Wall Street Journal a guruf mai cewa Nikki Haley, mai neman tikitin Republican, za ta kayar da Biden da maki 17 alhali Trump da 4 kawai zai kayar da shi, ana ta cewa to ai 'yan Republican Haley za su tsayar. Haley Vermont da birnin Washington kaɗai ta ci, ta janye 6 ga Maris na 2024, Biden ɗin da aka gwada ta da shi ma ya janye a watan Yuli. Ranar da aka turo hoton, abin da ya rubuta a ƙasa shi ne wa ya sauya gida bana bai gyara rajistarsa ba, mutum uku suka amsa.